Motar da Ake Ja Ita Ma Tana Bukatar Birkinta

A manyan titunan Amurka, ba abin mamaki ba ne ka ga ƙatuwar mota mai kama da bas, da ɗakin kwana da kicin a cikinta, tana janye da ƙaramar mota a baya, tayoyinta huɗu a ƙasa, babu kowa a ciki. Dalilin a fili yake: in an isa masauki, a ajiye gidan, a shiga gari da ƙaramar. Sau da yawa Jeep Wrangler ce, wadda nauyinta ya kai kilo 1,800 ko fiye. Tambayar ita ce: idan direba ya taka birki, wa zai tsayar da wannan nauyi?

Duk wanda ya taɓa zama a motar da ta lalace ana jan ta da sarƙa ya san rabin amsar. Da zarar inji ya mutu, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi ta daina aiki, birki ya yi tauri kamar dutse. To a nan ma babu ƙafar da za ta taka shi. Birkin motar gaba an auna shi ne da nauyinta ita kaɗai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, illar ita ce tazarar tsayawa ta ƙaru. A gangara kuwa, irin wadda ke bayan ramin Eisenhower a jihar Kolarado, inda hanya ke saukowa daga tudun da ya haura mita 3,000, birki kan ɗau zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa jihohi da dama suka wajabta birki a kan abin da ake ja idan ya wuce kimanin kilo 1,360, kodayake iyakar ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Abin da mafi yawan mutane ke fara saye shi ne akwatin tafi-da-gidanka, irin Brake Buddy ko Blue Ox Patriot. Ana ajiye shi gaban kujerar direba, a maƙala hannunsa a fedar birki, in ya ji an rage gudu sai ya danna. Kyansa shi ne ana iya ɗauke shi daga wannan mota zuwa waccan. Aibinsa kuma ɗan Adam ne. Kowace safiya sai an saita shi, kuma ranar da aka saita cikin gaggawa, hannun ya ɗan danne fedar, to za a yi ta tafiya birki na goga, direba bai sani ba, sai warin ƙauri ko hayaƙi ya sanar da shi. Ga shi yana shan batirin motar da injinta a kashe yake.

Ni a ganina, wanda zai riƙe mota ɗaya shekaru ya fi dacewa ya biya bakanike ya dasa masa na dindindin. Idan motar gaba mai birkin iska ce, kamar yawancin manyan masu shan gas, akwai irin su Air Force One da ke ɗaukar umarni daga iskar kanta, don haka ƙarfin birkin baya yana bin na gaba sau da ƙafa. Wannan daidaito shi ne gishirin maganar. Na'urar da ke dannawa da ƙarfi iri ɗaya, ko an taɓa birki a hankali ko an take shi, tana cinye birkin ƙaramar mota, domin takan mayar da ita mai tsayar da gidan gaba ɗaya. Akwai kuma ReadyBrake, mai aiki da waya kawai: ƙaramar mota ta turo ƙarfen ja, turin ya ja fedar. Ba lantarki, ba batir. Ina girmama sauƙinsa, amma sai an ɗaure wayar daidai.

Masu cewa tsadar dasawa ta yi yawa suna da hujja idan suna yawan sauya mota. Su akwatin ya fi musu. Abu biyu ne dai ba na yarda a yi ciniki a kansu. Na farko, makunnin da ke danne birki da kansa idan ƙarfen ja ya tsinke, don kada mota marar direba ta afka wa masu zuwa a baya. Na biyu, fitila a gaban direba da ke kunnuwa duk lokacin da birkin baya ya kama, kuma ta ƙi mutuwa idan bai saki ba.