Daga Chongqing zuwa Dala: Abin da Kano ke kwaikwayo daga Sin da abin da take zubarwa

Da wuya a samu matashin Kano mai wayar zamani da bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba: jirgin ƙasa ya doshi wani bene mai hawa 19, ya shige cikinsa, ya ɓullo ta ɗaya gefen, alhali iyalai na zaune a hawan da ke samansa. Tashar Liziba ke nan, a birnin Chongqing da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin. Tambayar da takan biyo bayan bidiyon ita ce, yaushe Kano za ta kai haka?

Kanawa sun san Chongqing tun kafin su san sunanta. Babur ɗin Lifan, wanda ya ciyar da dubban 'yan acaɓa kafin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar a watan Janairun 2013, a can aka ƙera shi. Fatakenmu kuwa sun fi sabawa da Guangzhou da Yiwu, kamar yadda 'yan kasuwar Sin suka saba da Kantin Kwari, har ta kai a 2019 fadar Kano ta naɗa Wakilin 'Yan China. Alaƙar ta yi nisa. Sai dai abin da masu mulki ke ɗaukowa daga biranen Sin bai wuce hoton gadar sama da dogon bene ba. Babban darasin da Chongqing ke da shi ga Kano yana cikin labarin ganuwarta da tsaunukanta.

Birnin da ya mayar da tsauni jari

Chongqing na zaune ne a mahaɗar kogin Yangtze da kogin Jialing, a kan duwatsu masu gangara, shi ya sa Sinawa ke kiranta Birnin Tsaunuka. Ita ce ta zama fadar gwamnatin Sin lokacin yaƙi da Japan daga 1937. A 1997 aka cire ta daga lardin Sichuan, ta koma ƙarƙashin gwamnatin tsakiya kai tsaye. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 32, amma wannan adadi ya haɗa da ƙauyuka da gundumomi a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 82,400, wato kusan ninki huɗu na Jihar Kano.

Baƙon da ya sauka birnin zai lura cewa yawancin abin da ake zuwa kallo ba don baƙi aka yi shi ba. Keken igiya da ke tsallaka kogin Yangtze an buɗe shi a 1987 domin ma'aikata masu zuwa aiki. Jirgin Liziba an ɗora shi a kan dogo ɗaya ne saboda gangaren ƙasar ya fi ƙarfin jirgin da aka saba. Hidimar mazauna gari aka sa a gaba, masu yawon buɗe ido suka biyo baya da kuɗinsu.

Haka abin yake a kewayen birnin. A Dazu akwai dubban siffofi da aka sassaƙa a jikin duwatsu tsakanin ƙarni na 9 da na 13, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. A Wulong akwai kwazazzabai masu zurfi da gadoji uku na dutse da ruwa ya fafe cikin dubban shekaru. Wulong gunduma ce ta manoman kan tudu da talauci ya yi wa katutu. Aka kai mata titi da layin dogo, aka kafa hukumar da ke kula da wurin, aka tsara kuɗin shiga. A 2007 ta shiga jerin UNESCO.

A wannan shekara ta 2007 ne Najeriya ta miƙa sunan ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita cikin jerin masu jiran gado na UNESCO. Har yau tana nan tana jira. Sukur ta Adamawa da kurmin Osun-Osogbo ne kaɗai wuraren Najeriya da suka samu shiga.

Ganuwar da aka rushe, tsohon garin da aka ƙirƙira

Chongqing ma ta taɓa mallakar ganuwa mai ƙofofi 17. Daga ƙarshen shekarun 1920 hukumomin birnin suka shiga rushe ta da sunan buɗe hanyoyi da faɗaɗa gari. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, mafi shahara a ciki su ne ƙofar Tongyuan da ƙofar Dongshui, waɗanda yanzu ake lallaɓawa kamar ƙwai.

Da birnin ya yi arziki, ya waiwaya neman tarihin da zai nuna wa baƙi, sai ya tarar ya riga ya cinye mafi yawansa. Hongyadong, rukunin gine-gine mai hawa 11 da ke manne a jikin dutse, wanda hotonsa da daddare ya karaɗe duniya, a 2006 aka buɗe shi, kwaikwayo ne na tsofaffin gidajen bakin kogi. Tsohuwar unguwar Shibati kuwa, an kwashe mazaunanta aka rushe ta, sannan a 2021 aka sake buɗe ta a matsayin titin shaguna mai kamannin da. Ginin ya dawo, mutanen ba su dawo ba.

Abin da Chongqing ke kashe maƙudan kuɗi tana ƙirƙira, Kano na da na ainihi, kuma da ransa. Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 tana ci har gobe. Karofin Ƙofar Mata, da ake danganta farkonsa da 1498, akwai sauran marina a bakinsa. Gidan Rumfa da Gidan Makama na tsaye. Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna, kuma aka samu alamun narkar da tama tun ƙarni na 7, yana tsakiyar gari da matakalarsa. Tambayar ita ce, shekara nawa suka rage wa waɗannan?

Badala a hannun gwamnatoci

Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar Kano. Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Turawan da suka ci birnin a 1903 sun yi mamakin girmanta. A yau, duk wanda ya zagaya daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Ruwa ya san cewa a wurare da dama babu ko tudun da zai shaida an taɓa yin badala. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, an mayar da gindinta juji. Kududdufan da aka haƙa aka gina ta, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike da yawa daga cikinsu an sayar, kuma mazauna cikin gari ne ke biyan farashin da ambaliya.

A takarda, ganuwar kayan tarihi ce ta ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta tarayya. A aikace, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Mai alhakin tsarewa ba shi da iko da filin, mai iko da filin kuwa yana da mabiya da zai saka wa. A wannan giɓi ne badala ta faɗa.

Babu gwamnatin da za ta wanke hannunta tas. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Zamanin Abdullahi Ganduje aka ga gine-gine sun tsiro a jikin badala ta titin BUK da kewayen Filin Idi. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo da rusau, har ta ce za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyara ganuwar. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta ba su diyyar Naira biliyan 30, daga bisani aka sasanta a kan biliyan 3. Wannan ya sayar, wancan ya rushe, talaka ya biya, ganuwa ba ta tashi ba.

Ƙofofin kuwa, sunansu ya koma na gadoji: Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Gadon Ƙaya, Ƙofar Ruwa, ga kuma Ɗan Agundi. Ba laifi ba ne a sauƙaƙa cunkoso. Amma gada tana da ɗan kwangila da ranar yanke ƙyalle, yaɓen badala kuwa aiki ne na kowace shekara da ba ya ɗaukar hoton kowa.

Hatta abin da duniya ta riga ta yaba, siyasa ta riƙe masa wuya. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na bil'adama. Amma saboda rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero, 'yan sanda sun hana hawan a Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 duka biyu. Masu ɗinkin kayan doki, masu otal, masu abinci da 'yan adaidaita sahu su suka san abin da aka yi asara.

Tiga, Bagauda da Falgore

Abin da Wulong take ga Chongqing, Kano ta taɓa shirya wa kanta irinsa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, aka yi otal a kan dutse a gefenta, aka yi wani a tafkin Bagauda, aka buɗe gidan zu a cikin gari. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Dajin Falgore, wanda aka keɓe domin namun daji, ya fi yin suna da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka mayar da wani sashensa filin atisaye. Babu baƙon da zai biya kuɗi ya shiga dajin da ɗan gari ke tsoron ratsawa.

Shi kuwa jirgin da matasa ke sha'awa a bidiyo, an taɓa yi wa Kano alkawarinsa. A 2016 aka sanar da kwangilar jirgin cikin gari ta Dala biliyan 1.85 da kamfanin gina layin dogo na Sin, CRCC. Da batun ciyo bashin Yuro miliyan 684 ya taso, dattawan jihar ƙarƙashin marigayi Bashir Tofa suka nemi bayani kan yadda za a biya. Wa'adin gwamnatin ya ƙare a 2023 ba a shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo ba.

Abin da bai kamata a ɗauko ba

Saurin Chongqing yana da tsada. Madatsar ruwan kwazazzabai uku a kan kogin Yangtze ta tashi mutum kusan miliyan 1.3 daga muhallansu, mafi yawansu a yankin Chongqing. A tsarin jam'iyya ɗaya, wanda aka tasa ba shi da ƙuri'ar da zai rama da ita. Mazauna Dala, Yakasai, Jakara da Mandawari suna da ƙuri'a, suna da kotu, suna da baki. Duk shirin farfaɗo da cikin gari da zai fara da korar su ya kashe abin da ake son nunawa.

Abin ɗauka shi ne tsarin da ba ya mutuwa da saukar gwamna: taswirar da ta fayyace inda ragowar badala take, a wallafa ta kowa ya gani, dokar jiha da ta haramta ba da fili a kanta, komai girman mai nema, kaso a kasafin kuɗi domin gyaran kowace shekara, a hannun magina na gargajiya, da kuma bayanin kuɗin shiga na Dala, Gidan Makama da Tiga, da rabon da unguwannin da ke kewaye za su samu.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma 'yan takara za su zo da zanen gadoji masu hawa uku. Matasan da ke tura wa juna bidiyon Liziba na da damar yi musu tambayar da ta fi sauƙi: mita nawa na badala suka rage, wa ke riƙe da takardun filayen da ke kanta, kuma wa ya sa hannu?