Gilashi Biyu, Awo Ɗaya: Almubazzaranci Ne?

Akan zargi mai ɗaukar hoto da almubazzaranci idan ya mallaki gilashin kyamara biyu, kowanne mai milimita 50. Zargin bai dace ba. Wannan awo faɗin filin hoto yake nunawa. Yawan hasken da ke shiga kuwa, girman ƙofar gilashi ke ƙayyade shi. Mai lamba f/1.4 na shigar da ninki huɗu na hasken mai f/2.8. Don haka Stanley Kubrick ya nemo gilashin Zeiss mai f/0.7, ya ɗauki sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir.

Sai dai babbar ƙofa nauyi gare ta. Matafiyin da zai yi aiki dare da rana kaɗai ya cancanci ɗaukar duka biyun.