ZAUREN 'YAN KALLO: Ranar da suruka ta zaga da tsofaffi birnin Tokiyo

Wannan watan ba Kano za mu tsaya ba, ba kuma Indiya za mu leƙa ba kamar yadda muka saba. Japan muka nufa.

Sunan fim ɗin 'Tokyo Story', wato Labarin Tokiyo. Darakta Yasujiro Ozu ne ya yi shi a 1953. Baƙi-da-fari ne, ba rawa, ba bos, ba dambe. Na san wani zai ce, "To Malam, me za a kalla ke nan?" Yi haƙuri ka ji.

Wani dattijo ne, Shukichi, da matarsa Tomi suka hau jirgin ƙasa daga garinsu Onomichi zuwa Tokiyo don su ga 'ya'ya da jikoki. Babban ɗansu Koichi likita ne a wata unguwa ta bayan gari. 'Yarsu Shige tana da shagon gyaran gashi. An yi murna, an ci abinci tare, an yi hirar yaushe-gamo. Daga nan fa sai labari ya fara canzawa.

Ranar Lahadi likita ya shirya fita da su yawo. Har an saka kaya, sai aka zo kiransa wajen wani yaro mara lafiya. Fita ta fasu. Ita kuwa Shige, shago ba ya barin ta ta motsa. To wa zai zaga da baƙi?

Sai Noriko, matar ɗansu da ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba, shekara takwas ke nan. Ba jininsu ba ce, ɗaki ɗaya take haya, aikin ofis take yi. Amma ita ce ta nemi izinin kwana ɗaya a wajen aiki, ta sa su a motar 'yan yawon buɗe ido, suka wuce ta gaban fadar Sarkin Japan, suka hau saman wani katafaren kanti tana nuna masu, ga wajen gidan wane can, ga na wance can. Da yamma ta kai su ɗakinta, har giyar shinkafar da ta ba surukinta a wajen maƙwabciya ta aro. Setsuko Hara ce ta fito a wannan matsayi, kuma wallahi murmushinta kaɗai ya isa ya sa ka hawaye.

Su kuma 'ya'yan cikinsu? Kuɗi suka haɗa suka tura iyayen Atami, garin shaƙatawa mai ruwan zafi a bakin teku. A ganinsu sun yi bajinta. Amma masauƙin cike yake da matasa masu caca da kiɗa har tsakar dare. Tsofaffi suka kasa barci, suka dawo tun kafin lokaci. Da wata da ta zo gyaran gashi ta tambayi Shige su wane ne, sai ta nuna ai wasu ne daga ƙauye. Uwa da uba fa! Allah sarki.

A hanyar komawa gida ciwo ya kama Tomi, suka sauka Osaka wajen wani ɗansu. Ba a jima da isarsu Onomichi ba ta rasu. Aka sake haɗuwa, amma wannan karon a wajen makoki. Ana gama jana'iza Shige ta fara zaɓen abin da take so cikin kayan mamaciya, kowa ya kama hanya. Noriko ce ta tsaya da tsoho, shi kuma ya ba ta agogon matarsa, ya roƙe ta ta sake aure.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, babu mugu a fim ɗin nan. Ba muguwar kishiya, ba boka. Kowa yana da uzuri, kuma uzurin gaskiya ne. Ni kaina ranar da mahaifiyata ta zo birni ganin likita, ƙanena na haɗa ta da shi, na ba da kuɗin mota, na ce aiki ya yi yawa. Da na ga Shige sai kunya ta kama ni.

Daraktocinmu, ku lura. Ozu yakan ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai idon wanda ke zaune kan tabarma, kuma da ƙyar take motsi. Chishu Ryu da ya fito a dattijon bai kai shekara 50 ba a lokacin. Duk da wannan sauƙin, a zaɓen da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta shirya a 2012, daraktocin duniya shi suka ɗora a na ɗaya. Ashe ba sai da soyayyar mutum uku ake yin fim ba.

Ku nemi fim ɗin, akwai mai fassarar Turanci a ƙasa. Amma kafin nan, wanda iyayensa ke raye ya tashi ya je ya gaishe su. Kuɗin waya da saƙon goro ba sa maye gurbin zuwa, Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.