Birkin da Sai an Taka Sau Uku

A kan hanyar Gujungu zuwa Haɗeja, wadda ta ratsa ƙasar Kaugama, har yau ana cin karo da tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Da yawa daga direbobinsu sun saba da wata ɗabi'a: kafin mota ta tsaya, sai sun taka birki sau biyu ko uku. A tasha ana kiran wannan sanin hannun mota. Sunansa na gaskiya ganganci, domin motar da ta ɗauko 'yan kasuwa da buhunan shinkafa ba ta da lokacin jiran taku na uku idan garken shanu ya ɓullo daga fadama.

Birkin irin waɗannan motoci da mai yake aiki. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan iska ta shiga bututu, ƙarfin ƙafar direba a kanta yake ƙarewa kafin ya kai ga taya. Maganin shi ne fitar da iskar: mutum ɗaya ya taka ya riƙe, na biyu ya kwance ƙaramin noti na jikin taya, ya ɗaure kafin a saki ƙafa. Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, ba a kuma barin kwanon mai ya ƙafe.

Idan an yi haka birki bai yi tauri ba, sai a ji makanike ya ce mota ce ta tsufa. Wannan hujjar malalaci ce. Birkin da ke nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa yana nuna robar masta ta cinye. Wanda ke tauri sai an maimaita taku yana nuna saura iska, ko lainin ya yi nesa da ganga. Ita 504 tana da bawul mai rage man da ke zuwa baya idan nauyi ya ragu. Wanda ya ɗaga ta a jak, tayoyin baya na lilo, zai yini iskar ba ta fita ba. Kowace alama da dalilinta.

Mafi muni shi ne masu zuba ruwan omo a madadin mai, ko su toshe bututun da ke yoyo da ƙusa. Sabon man DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa. Idan ya sha danshi, ya sauko wajen 140. Ruwa kuwa a 100 yake zama tururi, tururi kuma matsuwa yake kamar iska. A yankin da motoci suka kutsa ambaliya irin ta 2022, barin tsohon mai shekara da shekaru kasada ce da ran fasinja.

Masu kare direbobi za su ce talauci ne. Talaucin gaskiya ne, amma gwangwanin mai bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi kullum suna iya sa a taka birkin kowace mota kafin ta ɗauki mutum. Wadda birkinta ya nutse, ta koma gareji. Idan an bar ta ta tashi ta kife, kada kowa ya ambaci tsautsayi a wurin ta'aziyya, domin tun a tasha aka ga alamar.