Wa Ke Riƙe Da Mudun?

A watan Janairun 2025, a bajekolin fasaha na CES da ake yi duk shekara a birnin Las Vegas na Amurka, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya hau dandamali ya yi wa duniya albishir: sabon katinsu na RTX 5070, mai dala 549, zai yi aikin RTX 4090, wanda aka fara sayarwa a 2022 a kan dala 1,599. Aka kaure da tafi. Kafin gari ya waye magana ta karaɗe duniya, masu zumuɗi suna ta yi wa waɗanda suka sayi mai tsadar dariya. A watan Maris katin ya shigo kasuwa, masu gwaji masu zaman kansu suka ɗora shi a sikeli, sai ga shi ko ƙafar 4090 bai kama ba. Da kyar ya ɗara RTX 4070 Super, katin da ya girme shi da shekara guda.

Ga wanda bai saba da harkar ba, katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskarta. Shi ke ɗaukar nauyin wasannin bidiyo, tace fim, zanen gini, har da ayyukan ƙirƙirarriyar basira. A wasanni ana auna ƙarfinsa da yawan hotunan da yake iya zanawa a daƙiƙa guda. Talatin an lallaɓa, sittin an ji daɗi, ɗari da ashirin kuwa motsi ya zama kamar ruwa. A kan wannan lambar ake tallar, a kanta ake yanka farashi, kuma a nan ne muke cewa akwai ha'inci.

Ga yadda aka yi 5070 ya “kamo” 4090. Sabon katin yana da dabarar da ake kira DLSS 4: idan ya zana hoto ɗaya na gaske, sai ƙirƙirarriyar basira ta yi hasashen wasu har guda uku ta cusa kafin na gaba. Tsohon kuwa guda ɗaya kacal aka ba shi damar cusawa. Da aka zo ƙirga, aka haɗa na gaske da na hasashe aka kira su suna ɗaya. Wannan ba shi da maraba da mai nonon da ta ƙara ruwa ta ce ƙwaryarta ta cika. Ta cika ɗin kam, amma da me?

Bambancin ba na ido kaɗai ba ne, hannu ma yana ji. Wasa yana sauraron maɓallin da ka danna ne a kan hotunan gaske. Idan katin na zana talatin, aka ninka su suka zama 120, idonka zai ga 120, amma yatsanka yana nan a kan talatin, har da ɗan ƙarin jinkiri, domin sai an riƙe hoton gaske kafin a ƙirƙiro na tsakiya. Ga kuma ma'adanar katin: 4090 na da giga 24, 5070 na da 12. Duk aikin da ya fi ƙarfin 12, babu hasashen da zai cece shi.

Da wannan ne karon farko da sai mu ce tuntuɓen harshe ne. Amma hali zanen dutse. A 2001 aka gano cewa manhajar da ke tuƙa katin Radeon 8500 na kamfanin ATI tana gane wasan Quake 3, wanda a lokacin da shi ake awo, sai ta rage kyan hoto a ɓoye don lamba ta hau. Yadda aka kama ta abin dariya ne: an sauya sunan wasan daga Quake zuwa Quack, nan take gudun ya ragu, kyan hoton ya dawo. A 2003 kamfanin Futuremark, mai manhajar awo ta 3DMark03, ya zargi Nvidia da irin wannan siddabarun, kodayake daga baya ya sassauta lafazi. A 2014 aka sayar da GTX 970 a matsayin mai giga 4, ashe uku da rabi ne ke gudu yadda ya kamata, rabin da ya rage tafiyar hawainiya yake yi. Magana ta kai kotu, a 2016 Nvidia ta amince ta biya kowane mai saye a Amurka dala 30.

Inda lamba ta gaza, sai a koma wasa da suna. A 2017 AMD, wadda ta sayi ATI tun 2006, ta bar wani RX 560 mai ƙwayoyin lissafi 896 ya shiga kasuwa da suna ɗaya da na asali mai 1,024. A 2022 Nvidia ta sanar da kati biyu, duka sunansu RTX 4080, alhali ɗaya ya fi ɗaya rauni nesa ba kusa ba. Da surutu ya yi yawa ta janye ƙaramin, ta dawo da shi a Janairun 2023 da sunan 4070 Ti, ta rage dala ɗari. Abin da ya sauya kwali ne da farashi. To da jama'a sun yi shiru fa?

Garkuwar mai saye guda ɗaya ce: mai gwajin da ba ya cin albashin kamfani. Shi ya sa ake son a sa masa linzami. A Disambar 2020 Nvidia ta shaida wa tashar Hardware Unboxed ta Ostareliya cewa ta daina aika mata katunan gwaji, saboda tashar ba ta ba sabuwar fasahar haskenta muhimmancin da take so ba. Sai da sauran masu gwaji suka yi ca sannan ta janye ta nemi afuwa. Duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san abin da ake nufi idan mai kaya ya dage sai da mudunsa, kuma sai shi zai riƙe.

Za a ce mana ai fasahar gaskiya ce, kuma tana da amfani. Ba mu musa ba. Wanda katinsa ke zana sittin na gaske, in ya ƙara da na hasashe zai ga motsi ya yi santsi, kuma injiniyoyin da suka ƙera wannan sun cancanci jinjina. Ƙorafinmu a kan awo ne. A sayar mana da dabarar da sunanta, a rubuta hotunan gaske daban, na hasashe daban. Abin da ke da kyau ba ya buƙatar a ɓoye shi a cikin lissafin wani.

Za a kuma ce kowane ɗan kasuwa yana yabon hajarsa. Haka ne, amma yabo daban, awo daban. In mai atamfa ya ce tasa ta fi ta kowa kyau, mun san talla yake. In ya ce yadi shida ce alhali biyar ce, wannan ba talla ba ce kuma. Jadawali mai lambobi yana zuwa ne da rigar kimiyya, mutane kuma suna sakin jiki da shi saboda rigar.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne maroƙan da ba a biya. Masoya kwamfuta sun rabu gida-gida, 'yan kore na Nvidia da 'yan ja na AMD, kamar magoya bayan ƙwallo. In an kama kamfanin wani da maguɗi, amsarsa ita ce ai na wancan ma ya yi. Kamfani bai san da zamanka ba, aljihunka ya sani. Duk wanda ya yaɗa jadawalin kamfani tun kafin a gwada kayan, dillali ne marar la'ada.

Mu da ke sayen kayan nan da naira a kan farashin dala, mu ya fi kamata mu buɗe ido, domin ko waccan diyyar ta dala 30 a Amurka ta tsaya. Mai tace fim a Kano ko ɗalibin zanen gini a Zariya galibi laftof zai saya, kuma a can ma tarkon na nan: RTX 4090 na laftof ba shi ne na babbar kwamfuta ba. Ƙwaƙwalwarsa irin ta 4080 ce, gigarsa 16, wutar da yake ja ba ta kai rabin wat 450 na mai sunan ba.

Saboda haka kafin ka zare kuɗi, ka yi tambaya huɗu. Wa ya yi gwajin, kamfani ko wani? An kunna hotunan hasashe ko an kashe? Bayan matsakaicin gudu, ina lambar lokacin da katin ya fi shan wuya, wadda ita ce ke nuna ko zai riƙa sarƙewa? Sannan an gwada shi a kan irin aikinka, ko a kan wasan da kamfani ya zaɓa? In babu amsa, ka riƙe kuɗinka har masu gwaji su yi magana. Ba a cinikin biri a sama.