Wasiƙa Zuwa Ga Ejan-ejan Masu Tallar Yawon Jirgin Ruwa

 

'Ya'yana, ni tsoho ne a wannan sana'a taku. Na yi ta tun ana rubuta tikitin jirgin sama da hannu a kan takarda mai jan kabon, har ƙarfi ya ja baya na dawo gida Moriki na zauna. Ina ganin ƙoƙarinku. Abin da muke kwana uku muna yi wa zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Kano, ku kan gama shi a waya kafin shayi ya huce. Kun sauƙaƙa wa mutane Umara, kun kai yaranmu karatu ƙasashen da a da sai dai mu ji sunansu a rediyo. Allah Ya yi muku albarka. To, yabo ya tsaya nan, don ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kwanakin baya ɗan ƙanena, ma'aikacin asibiti a Kano, ya zo gaishe ni. Muna zaune a zaure bayan La'asar ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Hoton wani jirgin ruwa ne yana ratsa tsakanin duwatsu biyu masu tsawo, rana fes, ruwa kamar an zuba shuni. A ƙasa an rubuta yawon gaɓar tekun Norwe, da farashi da manyan lambobi. A gaban lambobin akwai wata 'yar kalma da sai da na gyara tabarau na gan ta, don ba ta fi ƙwayar gero ba: "daga". Shi da maiɗakinsa sun shekara biyu suna tari, kuma har ya ba da kafin alƙalami.

Na ce ya kira ejan ɗin ya buɗe murya in ji. Na tambaye shi, ɗakin da za a ba su yana da taga? Ya ce zai duba. Wane wata ne tafiyar? Farkon Disamba. Kuɗin jirgin sama yana ciki? Babu. Biza fa? Wannan daban. In an hana bizar, kuɗinsu zai dawo? Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, ai garaɓasa ce, ba a mayar da kuɗin garaɓasa."

Wannan dariyar ce ta hana ni barci.

Hanyar da yake talla ba ƙarya ba ce, kuma ba ta jiya ba ce. Tun 1893 wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ya fara bin gaɓar da wasiƙu da kaya da fasinja, aka sa wa hanyar suna Hurtigruten. A yau jirgin yana tashi daga Bergen ya nausa arewa har Kirkenes, dab da iyakar Rasha, yana yada zango a tasha 34, zuwa da dawowa kwana 11 a kan ruwa. Da asalinsa jirgin safara ne na mutanen ƙauyukan bakin teku, shi ya sa wata tashar minti 15 kawai yake yi a cikinta, wata ma da tsakar dare ake ratsa ta mutum na barci. Duk wanda ya je ya ga abin kallo. Amma a garin Tromso, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa sam, sai ɗan haske kamar na bayan Magariba na 'yan sa'o'i. Hoton da aka nuna wa yarona na watannin Yuni zuwa Agusta ne, lokacin da kujera ta fi tsada. Watau an nuna masa damina an sayar masa da hunturu, a ɗakin tsakiyar jirgi da ba shi da ko huda. Mutumin da ya bar gida don kallo!

Kada ku ce na ce tafiyar hunturu ba ta da masu so. Akwai masu zuwa musamman don ganin wani haske kore da ke rawa a sararin sama da dare a can ƙuryar arewa, kuma ɗaki mara taga ba laifi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi wanda zai yini a saman jirgi. Araha halal ce. Ɓoye dalilin arahar shi ne ha'inci. In ka gaya wa mutum ga abin da ya sa kujerar ta faɗi, ya ce ya ji ya gani, kun rabu lafiya.

Mu koma kan "daga". Mutumin Moriki ko Zurmi ko Shinkafi da zai yi wannan tafiya ba a Bergen yake fara kashe kuɗi ba. A tashar mota yake farawa, da addu'a a baki, don kun san yadda hanyarmu ta zama. Zai je Abuja ko Legas a ɗauki zanen yatsunsa saboda bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, ban da masauki. Sai inshorar lafiya da ba ta gaza ta yuro 30,000 ba, in babu ita ba a ko duba takardarsa. Babu jirgin sama da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa Norwe, sai an sauya a Istanbul ko Amsterdam ko wani wuri. Ga kayan sanyi, waɗanda rigar sanyin gwanjo ta kasuwar Alhamis a Shinkafi ba za ta tsaya a madadinsu ba. Ga fita yawo a kowane zango, wanda kuɗinsa daban yake. In aka tara wannan duka, lambar nan mai manyan baƙaƙe sai ta koma ƙaramin yaro a cikin lissafi. Kun san haka sarai. Kuna yin shiru ne har sai mutum ya zura ƙafa yadda ba zai iya janyewa ba, sannan ku riƙa fito masa da kuɗaɗen ɗaya bayan ɗaya.

Ba haka muka gada ba. Madugun da ke jan ayari zuwa Gwanja sayen goro, kafin a ɗaura wa jaki mangala ya riga ya faɗa wa fatake zango nawa ne, ina ake biyan fito, wane sarki ake kai wa gaisuwa, ina ruwa ke yankewa. In ya rage ko ɗaya, shekara mai zuwa ba mai bin bayansa. Kakana ya tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Sudan har Sawakin inda ake tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, kuma har ya rasu yana yi wa jagoransu addu'a da sunansa, domin bai taɓa ce musu gobe za a isa ba alhali saura wata guda. Lokacin da su Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka shiga harkar jigilar alhazai a Kano, da sunansu da na gidajensu suka tsaya, kowa ya san ƙofar da zai buga in an saɓa. Ko jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929, tikitinsa ɗan kwali ne da bai kai tsawon yatsa ba, amma an buga tasha da aji da kuɗi a jikinsa. Na sha riƙe shi a tafin hannu har ya jiƙe da gumi kafin mu kai Zariya. Abin da aka rubuta shi ake biya. Yanzu tashar ta yi tsit, mu ma da muka san wancan zamani mun kusa ƙarewa.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya sayar da hanyar da bai iya bayaninta ba. Wannan shi ne laifinku na biyu, kuma a wurina ya fi na farko ciwo. Ejan ɗin nan bai san ko akwai taga ba saboda bai taɓa buɗe taswirar jirgin ba. Hoto ya kwafo daga intanet ya manna lambar wayarsa. Musulmi zai tafi inda a Yuni rana ba ta faɗuwa, a Disamba ba ta fitowa, ba ku ce masa ya tambayi malami yadda zai ƙaddara lokutan salla ba, alhali Musulmin da ke zaune can sun daɗe da wannan mas'ala, wasunsu lokacin Makka suke bi. Ba ku gaya masa ya sanar da jirgi tun da wuri cewa ba ya cin naman alade ba. Ba ku gaya masa akwai wuraren da jirgin ke fita daga inuwar tsibirai ya shiga buɗaɗɗen teku ba, inda wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne Gagare da damina zai yi ta amai har ya tuba. Wannan ba ejanci ba ne, dillancin hoto ne, kuma ko ɗan kamasho a tashar Ƙaura ya fi ku sanin motar da yake kira wa fasinja.

Ku yi haƙuri, harshe ya yi kaifi. Na san ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, na kuma san canjin dala yana cin ribarku kafin ku ƙirga ta. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Roƙona kaɗan ne. Kafin ku karɓi ko sisi, ku ba mutum takarda guda da jimillar kuɗi tun daga ƙofar gidansa har dawowarsa, da watan tafiya, da irin ɗakin, da abin da zai dawo hannunsa in an hana shi biza. Ku nema masa kujerar da ake iya fasawa ko ɗagawa ko da ta ɗan fi tsada, ku kuma faɗa masa la'adarku a fili, don ba abin kunya ba ce. In aljihunsa bai kai Norwe ba, ku ce masa bai kai ba. Akwai jiragen yawo da ke tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya, wataƙila su ne daidai shi.

Ɗan ƙanena ya fasa tafiyar, kuma har yau kafin alƙalaminsa bai dawo ba. Ɗana, kai da ka karɓa, na san wannan takarda za ta iso ka. Ka mayar masa da kuɗinsa.

Haza wassalam.

Dattijonku, daga Moriki.