Darajar Ƙudan Zuma Ta Wuce Zuma

Mutane da yawa ba sa ganin amfanin ƙudan zuma sai a zumarsa. Binciken David Roubik ya nuna wannan kuskure ne. Masanin ya fara aiki a cibiyar binciken Smithsonian ta ƙasar Panama a 1979, yana nazarin ƙudan zuman ƙasashe masu zafi. A 2002 ya bayyana cewa ƙudan zuma ɗan asalin Afirka, da yake kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, yana iya ƙara yabanyar kofi da fiye da kashi 50 cikin ɗari. Don haka wajibi ne malami ya fahimtar da ɗalibansa cewa mai ƙone amya don ɗibar zuma, rumbun manomi yake ƙonewa.